Iskar da Baba Ya Sa wa Tayata

Jiya a Ƙofar Na'isa na ga mai faci ya danna tayar keke da babban yatsa, sai na tsaya ina kallo. Haka Baba, ƙanen kakana, yake yi. Keke ba ya barin zaurenmu sai ya danna.

Ranar da ni da abokina Sabi'u za mu kama hanyar Damagaram a kan kekuna, ya fito yana dogara sanda, jikinsa duk warin man zafi. Ya durƙusa da ƙyar, ya danna tawa.

"Wannan ba ta ƙoshi ba. Miƙo famfo."

Ya shiga buga iskar da kansa, ya hana ni karɓa. Ina jin numfashinsa yana sarƙewa.

Muka yi kwanaki a hanya, muna kwana a masallatan ƙauye, wayoyinmu a mace. Da muka dawo, tabarmi na tarar a ƙofar gida. An riga an kai Baba, har an yi sadakar uku.

Na jingine keken a zaure, na hana kowa ƙara wa tayar iska, har ta kwanta da kanta.

Allah Ya yalwata kabarinka, Baba, Ya sanyaya makwancinka.