Ranar da Suka Karrama Gwaggo

Gwaggona, ƙanwar babanmu, ta yi shekaru tana aiki a wani kamfanin fenti ba tare da ta taɓa zama a kujerar ofis ba. Aikinta ta zaga shagunan abokan hamayya kamar mai saye, ta ji yadda suke sayar da bokiti, wane launi ne ya yanke musu, wa ya fara yi wa 'yan kwangila ragi. Da yamma ta koma ta zazzage wa masu kwamfuta, su tsara su kai wa manya. Da wannan yawon ta riƙe gidanta tun rasuwar mijinta. Sharaɗin aikin ɗaya ne, kada a gane ta.

Kullum da koɗaɗɗen mayafi take fita, da guntun katako mai fenti a jaka, wai irinsa take nema. Takan ja ciniki har mai shago ya gaji ya faɗi gaskiyar farashi. A gida mukan tsokane ta, mu ce ɗakin nan da take shirin yi wa fenti ko filin jirgi ne da tuni an gama.

"Ku yi ta dariya," in ji ta, "da shi kuke shan shayi."

Sai aka kawo sabon manaja, mutum mai son taro da tafi. Ya ga duk rahotannin daga bakin mace ɗaya suke fitowa, ya ce dole a karrama ta. Gwaggo ta same shi har ofis.

"Ranka ya daɗe, a bar ni haka. Aikin nan ba ya son ido."

Ya yi dariya, wai kunya ce irin ta mata. Aka kira mai hoto, aka danƙa mata lambar yabo ta gilashi, aka buga hoton a kalandar da kamfani ke raba wa dillalai. A ƙasa aka rubuta: Idonmu a kasuwa. Har yau in na tuna raina tafasa yake. Ofis cike da mutane masu albashi, an rasa ko ɗaya da zai ce a dakata.

Kalandar nan ba shagon da ba ta shiga ba. Inda Gwaggo ta fara leƙawa, tafi suka yi mata. Na gaba aka ce fenti ya ƙare, ga bokitai jibge har rufi. Wanda ya fi yi mata ciwo shi ne na wani dattijo da ya saba ba ta kujera, ita kuma tana tambayarsa jikin matarsa. Bai ɗaga murya ba, ya dai nuna kalandar da haɓa.

"Hajiya, ciwon matata ma kin kai musu?"

Ta dawo gida ta kwanta, ko mayafi ba ta cire ba. Ta ci gaba da fita, amma hannu rabbana take komawa ofis, don ba mai gaya mata ko farashin buroshi.

Manajan ya kira ta ofishinsa, murya a tausashe kamar mai gaisuwar rasuwa. Ya ce kasuwa ta riga ta san ta, kamfani kuma ba zai biya wanda ba ya kawo komai ba. Ya miƙa mata takardar sallama. Har ta kai ƙofa ya sake kiranta.

"Mama, ko kina da wata ƙawa da za ta iya aikin? Wadda ba a san fuskarta ba."