Arish ɗan Shafot da Macijin Hanyar Kuza

An haifi Arish ɗan Shafot a birnin Sur, a unguwar marina, cikin watan Bul na shekara ta huɗu bayan gina sabuwar tashar jiragen ruwa. Mahaifinsa, Shafot, marini ne mai fitar da shunayya daga katantanwar teku, mahaifiyarsa kuwa, Batno'am, 'yar gidan masu tufkar igiyar jirgi ce. Gidansu yana can ƙarshen gari kamar na kowane marini, saboda wari.

Karatunsa

A shekara ta goma sha ɗaya aka damƙa shi ga magatakardan haikalin Malƙart, abin bautar mutanen Sur, inda ya haddace haruffa ashirin da biyu cikin wata uku, ya ƙarar da sauran shekarun wajen ƙirƙiro uzurin fashi. Malamin ya shaida cewa a hannunsa kakar Arish ta rasu sau biyar. Ranar sallama ya ce wa Shafot, "Bakin ɗan nan naka ya fi tukunyarka iya rini. Ka kai shi jirgi, can ake neman irinsu."

Aikinsa

A shekara ta ashirin ya shiga jirgin wani dattijo mai suna Magon, wanda yake fita da gilasai da man zaitun da tufafin shunayya, ya komo da kuza daga wani tsibiri mai sanyi a bayan mashigin yamma. Bisa al'ada, duk ma'aikatan jirgin sun rantse a gaban Malƙart ba za su faɗi hanyar ba, ko ga 'ya'yan cikinsu. Da yake Arish bai iya tuƙi ba, kuma amai yake yi da zarar igiyar ruwa ta motsa, sai aka ba shi muƙamin da ya dace da baiwarsa, wato ya zauna a mashayar kowace tasha ya tsorata Yunanawa, don kada su biyo sawu. A nan ya haifi macijin nan mai haɗiye jirgi har da tuta. Da kai ɗaya ya fara shi, amma kafin shekara biyar macijin ya kai kai bakwai, don duk inda giya ta yi daɗi sai ya ƙara masa guda.

A shekara ta talatin da ɗaya sanyi ya tsare su a wani tsibirin Yunanawa, inda wani maginin tuluna mai suna Nikandar ya roƙe shi ya koya masa rubutu, ladan kuwa gasasshen kifi kullum. Arish ya koya masa tsaf. Abin da Bayunanen ya fara rubutawa a jikin tulu shi ne labarin macijin, da sunan wanda ya gan shi da idonsa. Tulunan suka bi jirage, haruffan Sur suka shiga garuruwan da ba su taɓa ganin rubutu ba, macijin yana biye da su.

Aurensa da 'Ya'yansa

Tun a shekara ta ashirin da shida ya auri Melwa, 'yar wani mahaƙi a tsibirin da suke sayo kuza, mace mai kaifin harshe, wadda ita kaɗai ce ba ta taɓa yarda da ƙaryarsa ba, kuma a duniya ba wadda yake so kamarta. Ta ƙi barin garinsu, sai shi yake zuwa duk shekara biyu. Suka haifi uku. Mazan biyu ya kawo su Sur tun suna ƙanana domin karatu, macen ta zauna da uwarta.

Shekarunsa na Ƙarshe

A shekara ta arba'in da takwas tulun mai ya faɗo masa a tasha, ya karya ƙugu, ya yi shekara shida a kwance. Kafin ya miƙe, Magon ya rasu, jirgin ya ruɓe, abokan rantsuwa duk sun ƙare. Bai da wani buri sai ya koma ya ga Melwa, wadda ya bari da alkawarin shekara biyu. Ya warware rantsuwar, ya sami babban ɗansa Himilk, wanda a lokacin yake da jirgin kansa, ya bayyana masa hanya dalla-dalla.

Himilk ya ce, "Baba, hanyar maciji fa kenan."

"Wane maciji? Ni na ƙaga shi, a mashaya, da ƙoƙon giya a hannuna."

Himilk ya shiga ɗaki ya fito da tulu. "To wannan fa? Ga shi a rubuce, ga sunanka. Kai tara."

"Bakwai na ce, ɗan banza. Biyun na Nikandar ne."

"Ka ga, ashe ka san adadinsu."

Ya bi tasha jirgi jirgi yana dogara sanda, yana rantsuwa da duk allolin Sur. Matuƙan suka ce wanda ya shekara talatin yana ƙarya ba yau zai fara gaskiya ba, wasu kuma suka ce tsufa ne ya taɓa shi. Abin dariya ne, amma wanda ya ga tsohon nan zaune a bakin tasha yana kallon yamma, sai tausayi ya kama shi.

Rasuwarsa

Ya rasu a watan Itanim na shekara ta sittin, aka binne shi a maƙabartar kakanninsa. Aka rubuta a kan kabarin, kamar yadda aka saba, cewa babu zinariya babu azurfa a ciki, kada a buɗe. Ganin sunan mai kabarin, ɓarayi suka tone shi sau biyu.

Kwana arba'in da binne shi, wata tsohuwa ta sauka a tasha daga jirgin kuza na 'yan'uwanta, ta zo takanas ta ci mutuncin mutumin da ya ce shekara biyu ya yi goma sha biyu. Matuƙa suka kewaye ta suna tambayar yadda ta tsira daga macijin. Da Himilk ya bayyana mata yadda mijinta ya rasa mai kai shi wurinta, ya kai ta kabari, sai ta zauna a ƙasa, ta dafa dutsen, ta ce, "Sau ɗaya tak ya faɗi gaskiya, ni kuma da zan yarda ba na nan."

Ya bar 'ya'ya uku: Himilk, mai jirgi; Bodo, magatakarda; da Arishat, wadda ta rako uwarta, ta ratsa tekun nan tun daga farko har ƙarshe ba ta ga ko tsutsa ba.