Ba Dunoma, Wanda Ya Haɗa Fanne da Fatima

Ranar wata Litinin ce cikin Agusta, an kwana ana ruwa a Gashuwa, gari ya waye hadari bai saki ba. Duk da haka ƙarfe bakwai ta yi wa Ba Dunoma a teburinsa na bakin kasuwa, kamar yadda take yi masa shekara tara ke nan tun da ya bar aikin banki. Ya goge na'urar POS da bakin rigarsa, ya saka tabarau, ya jera wayoyinsa biyu.

Cirar kuɗi ita ce sana'arsa. Aikin da ba a biyansa kuwa shi ne buɗe wa masu sayar da kaya ta waya asusun kasuwanci, wanda mai saye a Legas ko Abuja zai biya da kati kuɗi su shigo. Shi ya koya wa masu kilishi da masu turaren wuta cewa kamfanin da ke karɓar kuɗin yana cire la'adarsa a kowane ciniki. Yakan ce, "Dillali ne da ba kya ganinsa, kuma ba ya yafe ko kwabo. Ki sa rabonsa cikin farashi tun kafin ki ɗora hoto."

A safiyar nan Fanne ta sauko daga motar Nguru, gefen zanenta duk taɓo. Bandar kifi take sayarwa ta waya, kuma a can Nguru wani ya buɗe mata asusu.

"Ba Dunoma, sun rufe mini asusu. Kwali goma na tura Fatakwal, an biya da kati, ga kuɗin ina gani, ba na iya taɓawa."

Ya karɓi wayar ya karanta saƙon kamfanin a hankali. Sun ba ta kwana bakwai ta tabbatar ita ce mai asusun, in ba haka ba su mayar wa masu saye kuɗinsu. Kifi kuwa ya riga ya shiga tukunyar mutane. Kusan jarinta duka ke nan.

"Ba ni katinki na ɗan ƙasa," in ji shi. Ya duba, ya ɗago. "Wace ce Fatima Modu?"

"Ni ce mana."

"To wace ce Fanne Modu da ke kan asusu?"

"Haba Ba, yau kuma? Ni ce!"

"Ni na sani, ke kin sani, Nguru duk ta sani. Wanda ke zaune a ofis a Legas bai sani ba. A wurinsa mata biyu ne, ɗaya tana cin kuɗin ɗaya."

"Ko akuyar gidanmu ta san Fanne ita ce Fatima!"

"To, akuyarku ba ta aiki a kamfanin, 'yata. Tashi mu je."

Ridwanu mai shayi, wanda rumfarsa ke jikin teburin, shi ne shaida. Ya ce bai taɓa ganin Ba Dunoma ya rufe tebur da hantsi ba sai ran nan. Ya sa Fanne a gaba har kotu, aka yi takardar rantsuwa cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne. Aka tura, kamfani ya ce hatimi bai fito ba. Aka sake, suka ce sai ta riƙe katin kusa da fuskarta an ɗauke ta hoto. Ya yi ta kiran lambarsu ana sa masa kiɗa, katin wayarsa na ƙonewa, ya ƙi ajiyewa. Fanne ta sare, ta ce a bar wa Allah. Ya ce, "Za mu bar masa, amma sai mun aika takarda tukuna." Ranar kwana na shida asusu ya buɗe.

Kai ne, Ba Dunoma, dillalin da ba ya karɓar la'ada. Kai ne mai karanta mana Turancin da aka rubuta ƙanana don kada mu karanta. Tun daga lokacin ba ka buɗe wa kowa asusu sai ka tambaye shi, "Sunan da uwarka ke kiranka, da wanda ke kan kati, ɗaya ne?" Mutum nawa ka tsare da ake kira Modu a gida amma Muhammad ne a takarda, ba mu san iyaka ba.

Yanzu ido ya yi rauni, ƙarshen watan nan zai miƙa teburin ga 'yarsa Mardiyya. Mun gode, Ba. Allah ya ƙara lafiya, ya biya ka abin da ba mu iya biya ba. Wanda duk ya iya karatun waya a garin nan, ya waiwaya ya ga wa ke tsaye kusa da shi bai iya ba.

Batun Fanne dai, ba a fita lafiya kalau ba, gaskiya. Kwali biyu na kifinta da suka rage sun yi funfuna a Nguru saboda ba mai mayar da su kan wuta. Mai saye ɗaya ta Abuja ta gaji da jira ta koma wurin wata. Sai cinikin kwana uku da Ba Dunoma ya rasa, wanda har yau bai gaya wa kowa ko nawa ne ba.