Ƙofar Ɗakin Allura

A duk shekarun da na yi ina aiki a ƙaramin asibitin da ke gefen Burumburum, babu wadda ta ƙular da ni kamar wata Bafulatana, kuma ko uffan ba ta ce mini ba.

Ranar awon yara suka zo ita da uwar mijinta, tsohuwar ce ma ke goye da ɗan Bafulatanar. Na zagaya ma'auni a damtsensa, ya tsaya a kan ja. Tamowa ce, ga tari a kai. Na dubi uwar na ce, "Me yake ci? Yana kama nono?" Sai ta kau da kai tana kallon bango.

Tsohuwar ta yi dariya. "Malama, ɗan fari ne fa. Ni za ki tambaya."

Ba yau na san kunyar ɗan fari ba. Ni ma 'yar fari ce, har mahaifiyata ta rasu ban ji sunana a bakinta ba. Na ba su maganin tari da ƙunshin abincin tamowa na mako guda, wannan na gyaɗa da madara, na nanata cewa nasa ne shi kaɗai. Uwar na miƙa wa, ita kuwa ta miƙa wa tsohuwa kamar ya ƙona mata hannu.

Da mako ya zagayo, ma'auni yana nan a kan ja. Tsohuwar har da yi mini godiya, wai duk jikokinta sun ji daɗin abin.

"Inna, ai magani ne!"

"To 'yar nan, gero ya yi ƙasa, shanu ba sa kawo nono. Ina ba ɗaya sauran suna kallon bakinsa?"

Sai na huce a kan uwar. Na ce, "Ke ba ki da baki ne? Ki ci gaba da kunya har ki binne shi!" Na faɗa a gaban mata cike da benci, kuma har yau abin yana damuna.

Washegari da hantsi sai ga ta ita kaɗai, ƙwaryar nono a ka, yaro a baya. Ta tsaya a bakin ɗakin allura tana kallona. Na ba ta ƙunshi ɗaya, ta shiga ta turo ƙofa. Ina daga waje ina jin ta tana lallashinsa da Fulatanci, tana masa 'yar waƙa, har da dariya. Ashe tana da baki.

Haka muka riƙa yi. Kullum za ta biyo a hanyarta ta tallan nono, ta ciyar da shi a ɗakin, ta goge masa baki tas don kada a gane a ruga. Tari ya lafa, ma'auni ya fara leƙa rawaya. Ni har na fara yabon kaina.

Kwatsam wata safiya ta zauna a gabana, ta yi mini magana karo na farko. Ciyawa ta ƙare, gobe za su tashi da shanu su nufi wajen Doguwa. Haushi ya turnuƙe ni, domin saura kaɗan yaron nan ya tsallake. Na rubuta mata takardar da za ta nuna a duk asibitin da suka samu, na lissafo ƙunshin mako guda, wanda shi ne iyakar abin da aka yarje mini in bayar.

Na ce, "Ki ɓoye su. Ki ba shi da hannunki, kin ji ko?"

Ta jera su a ƙasan ƙaramar ƙwarya, ta rufe da faifai. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Malama, a daji babu ƙofar da zan rufe."

Katinsa na awo yana nan a aljihun teburina, ban cike layin ƙarshe ba, inda ake rubuta ko yaro ya warke.