Muryar Ƙanena a Cikin Waya

'Yan bindiga sun kashe ƙanena a hanyar fadama, a wani ƙauyen Shagari. Ni na tsira da harsashi a cinya. Na kwashe iyalinsa muka dawo Boɗinga.

Kafin rasuwarsa wani kamfani ya ɗauki muryarsa ya sa a manhajar manoma ta waya. Ka danna hoton albasa, sai ya gaya maka lokacin dashe da maganin tsutsa, da Sakkwatancinsa, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya fara magana. Ban yi boko ba, da kunne nake aiki da ita. Bayan jana'iza kullum sai na danna albasar, ko ba ni da tambaya.

Wata rana kamfanin ya tara mu ƙarƙashin rumfa. Matar da ta yi bayani ita ce manajar manhajar. Ta ce ba ita ke ƙera ta ba, aikinta ta saurari manoma, ta yanke abin da za a ƙara da abin da za a cire. Ta ce za a koma muryar na'ura, domin sababbin cututtuka sun shigo gonaki, mai tsohuwar muryar kuma ba ya raye balle ya ƙara bayani.

Na jira mutane suka watse. Na ce mata mai muryar ƙanena ne.

Ta ce ba za ta iya tsayar da aikin ba, manoma na jira. Ban yi musu ba, gaskiyarta ce. Ta yi alkawarin nemo mini muryar a ajiyar kamfani, in ba a goge ba.

"Kafin nan, Baba, in rubutun sabunta manhajar ya fito, kada ka taɓa koren maɓalli, farin za ka danna. Kana taɓa shi, muryar ta tafi."

Rubutun yana fitowa duk sa'ad da na kunna data. Yatsuna masu kauri ne, koren da farin kuma suna manne da juna. Na hana kowa taɓa wayar. A wurin caji tsaye nake a kan mai shago har ta cika. Batirin ya fara kumbura.

Saƙon manajar bai iso ba tukuna. Ina nan Boɗinga, ina ban-ruwan albasa a fadamar wani, data a kashe. Yau da safe na danna albasar. Ya yi tari, ya yi magana.