Jan Sa da Littafin Auta

Shanun huɗarmu biyu ne, ja da fari, kuma ni ne mai kula da su tun ina ɗan saurayi. Ni nake yanko musu ciyawa, ni nake cire musu kaska, ni nake ɗora musu karkiya. A wajenmu gonaki manne suke da juna, kowa yana ganin aikin kowa, kuma wanda ba shi da shanu sai ya jira masu su sun gama kafin a waiwaye shi. Mu ba ma jiran kowa. Da wannan nake taƙama, don ba ni da wani abin taƙamar.

Autanmu kuwa bai san nauyin garma ba. Shi ne ɗan bokon gidan, ko da yake ni ma na gama sakandare, amma tawa ba a sa ta a lissafi. Shi ya wuce kwaleji a Bici. Ranar da ya karɓo takardar shaidarsa, Baba da kansa ya kai ta shagon masu kwamfuta aka yi mata laminetin, wato aka manne ta cikin leda mai kauri da injin zafi, yadda ruwa da gara ba za su taɓa ta ba. Ya ajiye ta a adakarsa tare da takardar gona. Na ce ko za a haɗa da tawa. Baba ya ce manomi me zai yi da leda. Da dariya ya faɗa, ni dai ban yi dariya ba.

Sai shekarun wuya suka zo. Fetur ya tashi, taki ya gagara, kwanon gero ya kai inda Inna take auna tuwon dare da ido biyu. Auta babu aiki, kullum yana gindin darbejiya da waya a hannu. A cikin wayar nan ya tsinto abin da ya cinye mana sa.

Ya je birni neman aiki, ya ga wani kwali wajen mai sayar da tsofaffin littattafai. Littattafan zane ne na Turawa, irin masu hotunan ƙarti suna tashi sama suna dambe, maganarsu a rubuce a saman kansu. An kwaso su ne daga gidan wani tsohon ɗan kasuwa Bature da ya mutu. Auta ya dawo bakinsa har rawa yake. Ya zaunar da Baba a zaure ya nuna masa a waya yadda ake gwanjon irin su a ƙasar waje, littafi ɗaya ya sayi gida. Ya ce akwai masu duba su, su ba su maki kamar jarrabawa, kuma wanda bai lanƙwashe ba, bai yage ba, bai yi tabo ba, shi ne mai tsada. Mai littattafan ma ya fara jin ƙishin-ƙishin, shi ya sa ya tsuga kuɗi, kuma ba zai jira ba.

Na ce to idan ba na asali ba ne fa? Idan an saya babu mai saye fa? Hatsi ko ya faɗi a kasuwar Dawanau ka dawo da shi gida ka ci, takarda kuwa ko akuya sai ta ga dama. Baba ya dube ni ya ce hassada ce take damuna. Akwai ta, ba zan ɓoye ba. Tunda nake Baba bai taɓa sauraron maganata yadda ya saurari ta Auta ran nan ba, ya karkata kai, baki a ɗan buɗe. Amma hassadar ba ta hana maganata zama gaskiya ba.

Baba ya yanke hukunci a sayar da jan sa. Ya ce kafin ruwa ya sauka littafi ya fita, a sayo shanu biyu ma ba ɗaya ba. Kuma ni aka ce in ja shi zuwa kasuwa, don ni kaɗai yake bi babu gardama. Na kai shi, na miƙa igiyarsa ga dillali, na dawo a ƙasa. Farin ya kwana biyu yana kuka a turke.

Kwali ya zo gida aka yi masa tarbar da ba a yi wa amaryata ba. Auta ya sayo safar hannu irin ta asibiti, ba ya taɓa littafi sai da ita. Aka hana yarana shiga ɗakin. Inna ta daina turara ɗakin Baba don kada hayaƙi ya kama takarda. Ni kuwa in na dawo daga daji da ƙaiƙayi a jiki, sannu ma sai wanda ya tuna.

Auta ya ɗauki hotunansu ya tura wa wani dillali a Legas. Amsar ta ɗan sanyaya masa jiki. Kusan duk abin da ke kwalin na banza ne, an buga irinsu da yawa, wasu ma sabon bugu ne. Wallahi na ji daɗi, har na ƙara tuwo ran nan. Amma akwai guda ɗaya da dillalin ya nace a kansa, ya ce na asali ne kuma da alama lafiyarsa ƙalau. In masu dubawa suka ba shi maki mai kyau, shi kaɗai ya mayar da sa har da riba. Zai turo mutuminsa Kano ya gani da ido. Daɗin nawa bai daɗe ba ke nan.

Auta ya tafi birni ya shirya haɗuwar. Kafin ya fita ya damƙa wa Baba littafin ya ce a sa a adaka, a kula da shi, kada danshi ko gara su taɓa shi.

Washegari Baba ya ja adakar zai share bayanta, sai ya ga hanyar gara a jikin bango. Bai yi shawara da kowa ba. Ina ba farin sa dusa na ga ya naɗe wani abu a tsohon rawaninsa, ya ɗaure a ƙirji, ya tada babur ɗin da ya daina hawa saboda tsadar mai. Ko ta'aziyya a lokacin da ƙafa yake zuwa. Sai la'asar ya dawo, ya tara mu a tsakar gida yana murmushi.

Bici ya je, shagon da aka yi wa takardar Auta. Mai shagon ya cire ƙarafan da ke riƙe da littafin, ya yanke shi ta tsakiya, ya manne kowane shafi a ledarsa, ya huhhuda gefe ya ɗinke da zoben roba. Littafin ya yi kauri yana ƙyalli. Baba ya ɗauki buta ya zuba masa ruwa a gabanmu, ruwan ya gangare, ya goge da hannun riga. Inna ta ce masha Allah. Ni ma a lokacin na ɗauka gyara aka yi masa, kuma abin da ya tokare ni shi ne yawan shafukan da aka yi wa leda, alhali takardata guda ɗaya ce tak.

Da Auta ya dawo, Baba bai bari ya sha ruwa ba ya miƙa masa. Ina kallon fuskarsa. Ya juya shafi ɗaya, ya juya na biyu, ya tsaya. Baba yana tsaye yana jiran yabo.

"Yanzu ko a rijiya ya faɗa babu abin da zai same shi," in ji Baba.

Auta ya rufe littafin. Sannan ya ce, "Ya yi kyau, Baba. Allah ya saka da alheri."

Bayan rumbu ya same ni ya faɗa mini gaskiya. Littafin da aka yanka aka manna ya gama aiki, masu saye ko kyauta ba sa so. Ya tura wa dillalin hoto, mutumin bai ma amsa ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, don Allah kada Baba ya sani."

Na ce jan sa fa? Ya kau da kai. Na fizge hannuna na nufi zaure da niyyar in amayar da komai, in ga ranar da za a ce maganata ce ta fito. Na tarar da Baba da maƙwabcinmu, yana nuna masa littafin shafi-shafi, yana ce masa wannan ɗan nasa mai hangen nesa ne. Na gaishe su na wuce.

Auta ya ce wa Baba kasuwar littattafai ce ta faɗi a waje, sai an jira ta tashi. Baba ya ce babu komai, ai abin ba ya lalacewa.

Ruwa ya sauka. Na je wajen maƙwabcin nan na roƙi aron sansa in haɗa da farinmu, ya ce to, amma sai na gama huɗe tasa gonar tukuna. A kan iyaka ɗaya muke. Ina huɗar gonar wani ina kallon tamu ciyawa tana cin dawa. Haka na yi damina bayan damina, kuma duk shekara Baba sai ya dafa kafaɗata ya ce in ƙara haƙuri, littafin Auta ya kusa fita.

Da wannan zaton ya rasu. Da muka buɗe adakarsa, abu uku muka samu a ƙasa cikin rawani: takardar gona, takardar Auta, da littafin. Auta ya ƙi ɗauka, yanzu yarana ne ke wasa da shi, ko a ruwan sama suka bar shi ba ya komai. Idan na gan shi yana ƙyalli a tsakar gida ba jan sa nake tunawa ba. Baba nake gani a kan babur cikin zafin bazara, da tsufansa, ya ɗaure abu a ƙirji ya nufi Bici saboda Auta. Tawa takardar tana ɗakina cikin ledar burodi, gara ta ci gefenta.