Alhamis da Juma'a a Tsamaye

Shekarar da ciwon shawara ya kwantar da ni, ina aure a Isa, a gidan wani malami mai makaranta a zaurensa. Ni kuwa Bagobira ce, haifaffiyar Tsamaye, ga tsagata a fuska wadda ba ta ɓoyuwa. A wancan zamani Isa tana bin Sakkwato, Sabon Birni ta ƙi bi, Tsamaye kuma tana bayan Sabon Birni. An ɗaura aurena lokacin da aka ɗan sasanta, hanya ta buɗe. Kafin in yaye ɗana na fari ta sake rufewa. Daga nan tsakanina da gidanmu sai gaisuwa a bakin Filani masu tallar nono, don su kaɗai ke ƙetarawa ba a tsare su da tambaya ba.

Ciwon ya kama ni da faɗuwar damina. Idona ya yi rawaya, ko ƙamshin miya na ji sai zuciyata ta tashi. Malam ya yi ta rubutu ina sha, aka yi ta jiƙa saiwoyi. Gashina ya zube, warwaron hannuna ya riƙa zamewa har gwiwar hannu. Matan unguwa da nake biya wa karatu a tsakar gida suka koma zuwa dubiya. Sai da aka yanke gero na fara zama da kaina, ina dafa bango in kai bakin ƙofa.

Wata Talata da la'asar Malam ya shigo daga zaure, ya tsaya bai zauna ba.

"Yayanki na waje," ya ce. "Wai Inna ta ji ba ki da lahiya, tana son ki taho gida ki huta. Ya ce har da yara."

Murna ta kama ni. Malam bai yi murna ba.

"Shekara nawa bai tako garin ga ba, sai yanzu da hanya tal lalace?" Ya ɗan jima yana jan gemunsa. "To, uwa uwa ta. Gobe makaranta ka tashi. Ki yi Alhamis da Juma'a, Assabar ki komo. Amma yara suna nan."

Da nake ɗaure kayana, ƙanwar Malam ta matso kusa da kunnena ta ce kada in sha abin da ba a dama a gabana ba. "Kin san mutanenku da asiri. Sai su juya maki zuciya ki manta da hanyar Isa." Kalmar mutanenku ta sosa mini rai, amma ta zauna a cikina, na tafi da ita.

Yaya ya ɗora ni a kan jaki da sassafe. Ya tsufa fiye da yadda na zata. Bai bi babbar hanya ba, ya ratsa da mu ta cikin karan dawa, yana tafe yana waiwaye. Hira kaɗan ya yi, ita ma duk tambaya ce. Wace rana mahayan Isa ke fita sintiri? Suna kaiwa hanyar arewa, ko a bakin gulbi suke juyawa? Na ce da shi ni da na yi damina a kwance ina za ni sani. Ya ce hakanan ne. Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba, amma na riƙe tambayoyin.

Inna tana bakin ƙofa da muka iso. Ta ƙanƙance, ta sunkuya. Ba ta yi kuka ba. Ta kama tsintsiyar hannuna ta zagaye ta da yatsu biyu.

"Auta, wanga ba hannu na ba, kara na."

Ta sa aka dafa ruwa da ganyen sabara, ta yi mini wanka da kanta kamar mai jego, ta shafe ni da man shanu tun daga wuya har tafin ƙafa. Na yi barcin da rabona da irinsa tun kafin ciwo.

Ranar Alhamis da hantsi ta miƙo mini fura a ƙwarya, an riga an dama. Na riƙe ludayi ina juyawa. Ina jin ƙamshin nono da citta, ina kuma jin muryar ƙanwar Malam. Inna ta dube ni, ta dubi ƙwaryar. Ta karɓi ludayin ta sha cikinsa sau biyu, ta share baki, ta mayar mini. Kunya ta rufe ni. Na kafa kai na sha, kuma a nan na gane yunwa ta dawo mini. Na shanye tas har ina kankare gefen ƙwarya. Da azahar Yaya ya kawo tarwaɗa daga tafkin fadama, aka yi miya da ita da tuwon gero. Na ci, na nemi ƙari. Inna ta juya baya tana gyara murhu don kada in ga tana dariya.

Matar Yaya, wadda tun ina yarinya muke wasa da ita, ta ce ba za ta bar matar malami da kai kamar na ungulu ba. Ta zaunar da ni a inuwar rumbu, ta ɗora kaina a cinyarta tana tattara ɗan abin da ya rage tana kitsewa. Tana yi tana tsokanata, wai ko Malam ya rubuce gashin ne ya shanye. Na yi dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo.

Daga wannan kwanciya ce na fara ganin gidan. Mutum in kansa na ƙasa, idonsa na yawo.

A gidanmu dami ɗaya ake fitarwa daga rumbu, a sussuke, a ci, sannan a fitar da wani. Yanzu kuwa rumbu biyu a buɗe suke, ina jin amon sussuka daga bayan gida tun safe ba a tsaya ba. Mata uku na maƙwabta suna ta dakan gumba, suna dunƙulawa suna shanyawa a tabarma, gumbar da ta fi ƙarfin cikin gida ɗaya. Ga salkunan ruwa sababbi an rataye a jikin darni. Ga igiya ana tufka. Kuma duk inda na nufa, magana sai ta yanke, a koma zancen sauro.

"Wannan gumba haka, biki za a yi?" na tambayi matar Yaya.

Hannunta ya tsaya a kaina. "Sadaka ta," ta ce, ta ci gaba da kitso. Can kuma, kamar ba komai, ta ce, "Ni kam ranar kasuwar Isa, mahayan nan suna zama gari ko hita su kai?"

Tambayar Yaya ce ta sake dawowa da wata riga. Na ce ban sani ba. Daga nan dariyar ta ƙi zuwa.

Da gari ya waye Juma'a na tashi da ƙarfin da ya ba ni mamaki. Na yi salla a tsaye, karo na farko tun damina. Na ce za ni ɗan taka in miƙe ƙafa, na zaga bayan gida. A masussuka na tarar da buhunan fata cike da tsaba an ɗinke bakinsu. Ga takarkari biyu, shanun ɗaukar kaya, a ɗaure, gidanmu kuwa bai taɓa mallakar ko ɗaya ba. A gindin tsamiya Yaya yana zaune ya baje kibau sababbi, yana gwada su ɗaya bayan ɗaya yana zurawa a kwari.

Nan take komai ya haɗu a kaina. Guzuri, salka, kibau, tambayar ranar sintiri. Hari za a kai Isa. An ɗauko ni ne don a fitar da ni daga wuta, shi ya sa ya ce har da yara. Yarana kuwa suna can. Na yi tunanin in sulale in kama hanya, amma na san ko fadama ba za ni wuce ba. Sai na tafi na tsaya a kansa.

"Yaya, yaushe za ku?"

Ya ɗago. "Za mu ina?"

"Isa. Ɗiyana na can. In ka hitar da ni ka bar su, mi ka yi min?"

Ya ajiye kibiyar a hankali. Fuskarsa ta ɗaure.

"Ashe dai gaskiyata. Tun da kis sauka idonki na bisa rumbu. Malamin da ba shi barin ki leƙa ƙohwar gida, shi na yas sake ki ki ƙetaro da sauƙi haka? Ya riƙe ɗiya don ki koma mai da labari. Mi anka ce ki ƙirgo?"

Ashe duk kallon da nake yi musu, suna yi mini irinsa. Kwana biyu muna ci a akushi ɗaya, kowa na auna kowa.

"Ya isa." Inna ce, ta biyo ni da sandarta ban sani ba. "Gaya mata."

"Inna, matar Isa ta."

"Ɗiyata ta. In ba ka hwaɗi, ni za ni hwaɗi."

Ta zauna a kan buhu ta faɗa. Tashi za su yi. Na Isa in sun fito, su kwashe awaki su ce dukiyar Gobirawa ce. Na Sabon Birni in sun zo, su ce gidan da ke da ɗiya a Isa ba a yarda da shi ba, su ɗebi hatsi. Bara an tsare Yaya a Birni ana tuhumarsa da kai labari. Sun gaji. Da zarar an gama sussuka za su yi arewa, wajen Tsibiri, inda ƙanen Inna yake, su da gidaje uku na maƙwabta. In Birni ta ji, ta hana su fita. In Isa ta ji, a tare su a hanya. Shi ya sa Yaya ke son sanin ranar sintiri.

"To kibau hwa?" na ce.

"Wa ka shiga daji da mata da tsohuwa hannu banza?" in ji Yaya, bai dube ni ba.

"Yara kuwa ni nic ce a taho da su," Inna ta ce. "Ban taɓa ganin ko guda ba." Ta yi ɗan murmushi. "Goye anka hito da ni daga Alƙalawa, tsohon birninmu, tana cin wuta. Ga shi da hurhura za a sake ɗora ni bisa sa."

Ina son in ce na yarda nan take, amma zargi in ya shiga jiki ba ya fita da magana ɗaya. Da maza suka tafi masallaci na shiga ɗakin Inna na ɗaga labulen ƙurya. Jeren ƙorenta babu shi a bango, an jera ƙwarya cikin ƙwarya an ɗaure a raga. Ga irin gero da na wake a ƙunshe daban. Ga ɗan dutsen niƙanta an naɗe shi da tsumma. Mai zuwa hari ba ya ɗaukar dutsen niƙa. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da na iso.

Yammacin wannan Juma'a ya fi kowane daɗi. Na ɗaura zane na karɓi taɓarya na taya dakan gumba, ko da yake bugu kaɗan na yi aka ƙwace. Inna ta sa na kwatanta mata jikokinta ɗaya ɗaya, wa ya ɗauko goshin wa, wa ke da rigima. Aka yanka zakara. Yaya ya zo ya zauna nesa kaɗan, ya tura mini hanta a bakin wuƙa kamar yadda yake yi ina ƙarama. Ya ce in yi masa alkawari ba za ni faɗa wa kowa ba, har Malam, sai sun isa. Na yi. Ya dube ni dai, irin duban mai son ya yarda.

Asabar Yaya ya mayar da ni har kusa da ganuwar Isa, ya bar mini jakin, ya juya daga nan. Malam ya ga na sauko daga jaki da kaina, ya yi hamdala. Bayan na huta ya zo ya zauna.

"Mi kig gani can?"

"Na ga Inna, na ci na ƙoshi. Akwai abin da nig gani wanda na yi alkawalin ba ni hwaɗi yanzu. Ba abin da za shi cuci Isa na ba."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Bai sake tambaya ba, amma abin bai bar shi ba. In maza suna hira a zaure na zo wucewa, sai murya ta yi ƙasa. Ƙanwarsa ta riƙa leƙen idona tana neman alamar abin da aka ba ni na sha. Ni kuma duk ranar da na ji mahaya sun fita, sai in yi ta kasa kunne ko sun bi hanyar arewa. Haka muka zauna har sanyi ya shigo.

Bafillatar da ke kawo mana nono ce ta kawo labari. Tana auna mini tana cewa, cikin Hausarta mai gauraye da Fillanci, gidanmu na Tsamaye ba kowa, danginta sun gamu da su can arewa, tsohuwa na bisa takarkari tana faɗa da mai jan sa. Sun isa lafiya.

Ranar na gaya wa Malam komai, tun daga gumba har kibau. Ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye.

"Da na sani," ya ce, "da na bar yaran sun tahi ta gan su."

Inna ta yi damina biyu a can kafin ta rasu. Hanya ba ta buɗe ba a tsakanin, ba ta kuwa ga jikokinta ba.